Koren Rufin da Apo Ta Ƙi

Shekaru sun tura, furfura ta fito, amma ranar Larabar da babbar mota ta tsaya a bakin lungun gidan Apo, shaƙe da koren tayil ɗin rufi, har yau ba ta fita daga raina ba. Ku matasan ofis da kuke yi mini tsiya, wai Injiniya Sabi'u ba ya bari a zare ƙusa ɗaya daga tsohon gida sai ya yi mako yana zagaye shi kamar mai neman aure, to ga inda abin ya samo asali.

Shekara guda ke nan bayan an mayar da Hongkong hannun ƙasar Sin. Na gama karatun gine-gine a wata jami'a a Guangzhou, maimakon in tattara in dawo Kano sai na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Panyu, mai gyaran tsofaffin gidaje. Mai kamfanin Laoban Liang muke ce masa, laoban kuwa maigida ke nan a bakinsu. A ƙarƙashinsa akwai Shifu Huang, babban magini, dattijo marar yawan magana wanda tun yana saurayi yake hawa rufi. Ni ne auta a cikin masu riƙe takarda: in yi awo, in zana, in yi odar kaya, in tsaya a kan leburori. Sinancin jami'a na iya shi daidai gwargwado. Na mutanen yankin kuwa, wanda tsofaffi ke yi, sai dai in tsinci kalma nan da can.

Gidan da aka ba mu ba bene ba ne, an gina shi tun kafin yaƙin duniya na biyu. Falo a tsakiya, ɗaki ɗaya a kowane gefe, sai kicin da aka jona masa ta baya. Rufinsa tayil ne, amma ba irin na daɓe da kuka sani ba. Gasasshen yumɓu ne mai lanƙwasa kamar an tsaga bututu gida biyu, ana jera shi layi-layi a kan katako, a liƙe da farar ƙasa. Launinsa toka-toka mai duhu, ya yi gansakuka, yana yoyo ta wurare da dama. Mai gidan tsohuwa ce, ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune. Kowa Apo yake ce mata, wato kaka. Ɗanta da ke Kanada ne ya turo a gyara mata, ya kuma rubuto cewa kada a yi wa mahaifiyarsa ƙwauro, a sa mata mafi kyau.

Ƙa'idar kamfanin a aikin rufi uku ce. Ta farko, a kai wa mai gida samfurin abin da za a sa, ya riƙe a hannunsa, ya yarda. Ta biyu, ba a buɗe rufi sai sabon kaya ya iso wurin aiki. Waɗannan biyun a rubuce suke, na karanta su da idona. Ta ukun ba a rubuta ba, don a ganinsu ba mai buƙatar a gaya masa: tsohon tayil da hannu ake sauke shi ɗaya-ɗaya, magini ya tantance, domin mafi yawansa kan koma inda ya fito.

Ana cikin haka aka aiko wa Laoban cewa mahaifinsa ya kwanta ciwo a ƙauyensu, can Hunan, tafiyar kwana da yini. Shifu kuma yana ƙarasa wani aiki a wani gari, ba zai zo ba sai Laraba. Laoban ya miƙo mini littafin samfur na masana'antar da muke saye, ya ce, "Ka yi odar rufin Apo. Kada ka ɓata lokaci, damina ce." Ya kama hanyar tasha.

A lokacin ina da baƙo a ɗakina, Alhaji Ɗanjuma, ɗan kasuwar Kwari, wanda kan zo sarin wandunan jins a Xintang da kayan sawa a Shahe, ni nake yi masa tafinta. Ya same ni ina jujjuya littafin, ya leƙo ta kafaɗata.

"Injiniya, wai har tsayawa tunani kake? Kalli wannan koren mana! Wallahi kamar ka lashe. Ɗa ya ce a yi wa gyatumarsa mai kyau, kai kuma kana kallon launin toka, sai ka ce murhu za ka rufa mata?"

Ba zan ɗora wa Alhaji laifi ba, don abin da ke raina ya faɗa. Koren nan mai sheƙi ne kamar tangaran, rana na dukansa sai ya ɗauke ido. A wurinmu in ɗa ya samu, rufin gidan uwarsa ne ke fara sanar da unguwa: a yaye kwanon da ya yi tsatsa, a ɗora mai ƙyalli. Kuma wa ke wahalar da tsohuwa da zaɓe-zaɓe? Ka gama aikinka, ta fito ta gani, ta sa albarka. Da wannan tunanin na tsallake ƙa'ida ta farko, ina jin kaina ɗan halak.

Ta biyun kuma wayo ne ya sa na tsallake ta. Na ce bari in buɗe rufin tun Litinin, yadda Shifu na isowa sai ɗori kawai, Laoban ya dawo ya tarar na rage masa kwana biyu. Leburorin da na ɗauka sababbin zuwa ne daga ƙauye, ba su san aikin ba, abin da na ce shi suke yi. Na ce su watso tsohon ƙasa, kamar yadda muke yi wa ruɓaɓɓen kwano. Suka shiga watsowa, yana tarwatsewa a tsakar gida. Apo ta fito bakin ƙofa tana ɗaga hannu, tana ta magana da ƙarfi. Na ɗauka ƙura ce ta dame ta. Na yi mata murmushi, na ce da ɗan abin da na iya na yarensu, "Ba komai, Apo, sabo na zuwa." Kafin la'asar gidan ya zama daga katako sai tampol.

Ranar Laraba Shifu ya rigayi motar isowa da kamar rabin sa'a. Ya tsaya a kan tarin fasasshen tayil, ya sunkuya ya ɗauki ɓari ɗaya, ya juya shi, ya ajiye. Nan na fara shan jinin jikina. Sai ga mota. Direba ya yaye rufar bayanta, koren ya haska lungun gaba ɗaya, maƙwabta suka firfito.

Apo ta tako da sandarta har gindin motar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta yi mini magana, a hankali wannan karon, wanda ya fi ihun Litinin tayar mini da hankali. Na dubi Shifu.

"Tana tambaya," in ji shi, "ɗanta ne ya aiko ka ka binne ta?"

Shifu ya ja ni gefe, ya nuna mini wani dogon gini a ƙarshen lungun, mai koren rufi sak irin nawa. Kullum ta gabansa nake wucewa, ban taɓa tambayar ko mene ne ba.

"Ɗakin kakanni ke nan, inda ake ajiye sunayen matattun dangi. A garin nan shi da wurin bauta kaɗai ke sa mai sheƙi. Gidan mai rai toka-toka yake sawa." Ya ɗauko ɗaya daga motar ya ɗora mini a hannu. "Ka ji nauyinsa? Katakon gidan nan ya girme ni. In ka ɗora masa wannan, zai kwanta a kanta. Kuma na da yana shan iska, ɗaki ya yi sanyi da bazara. Masu ginin ba talauci ne ya sa suka zaɓe shi ba."

Na ce to a mayar, a kawo toka-toka. Ya dube ni kamar mai tausayi.

"Ka saurari rediyo yau?"

Ban saurara ba. Ashe tun safe ake sanarwa cewa guguwar teku ta taso, irin wadda suke kira taifun, ana sa ran ta iso gaɓa ranar Lahadi. Wanda bai taɓa ganinta ba ba zai gane ba. Ba hadarin Agusta na Kano ba ne da zai yi sa'a biyu ya wuce. Iska ce da ruwa a kwance, tana tuge bishiya, tana ɗauke kwano kamar takarda. Tampol a gabanta ba komai ba ne. Ga tsohuwa a ƙarƙashin tampol, kuma ni na sa ta.

Muka roƙe ta ta koma wurin 'yar ƙanwarta a cikin gari har a gama. Ta ce a gidan nan aka kawo ta, ba ta taɓa kwana a wani wuri don ruwa ba, ba kuma za ta fara a kan wautar wani ba. Shifu ya fassara mini har da wautar, bai rage komai ba.

Alhamis a bas na ƙare ta. Na je masana'antarmu, manajan ya ce, "Meyo," wato babu. Toka-toka sai an gasa, kwana goma. Na je ta biyu, meyo. Ta uku suna da shi, amma ƙirar zamani, ya fi na gidan faɗi, ba zai zauna a kan katakon ba. Ina fitowa daga kowacce sai in ɗaga kai in dubi sama. Sama kuwa tas, ba ko ɗigon gajimare, ga wani zafi mai danƙo, iska ta tsaya cak. Shifu ya riga ya gaya mini haka take yi kafin ta zo. Na aika wa Laoban saƙo ta 'yar na'urar kiran da muke ratayawa a ƙugu, sau uku, shiru. Ban iya cin abinci ba. Duk lomar da na ɗauka sai in ga tsohuwar nan zaune ruwa na zuba a kanta.

Da yamma na koma na faɗa wa Shifu ban samo ba. Ya ce dama ya san ba zan samo ba.

"Sabo ba zai yi ba. Gobe za mu tsohon gari, inda ake rusau don titi da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Gidajen sa'annin wannan ne. Za mu sayi rufinsu."

Duk halin da nake ciki sai da na yi gardama. Na ce, "Shifu, gwanjo? Ɗanta ya ce mafi kyau. A ƙasarmu in ka rufa wa dattijuwa gida da kwanon da aka ciro daga gidan wani, har ka mutu ana yi maka gori."

"Nan ƙasarku ce?" in ji shi.

Saura mota. Duk masu manyan motocin da muka sani an kama su, kowa na rige-rigen kwashe kayansa kafin Lahadi. Ranar Juma'a na tafi masallaci a cikin gari, kuma ina neman gafarar Allah, ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Ana sallamewa na tare Alhaji Ɗanjuma a bakin ƙofa, don na san ya yi hayar mota ta kwana biyu za ta ɗauko masa jins daga Xintang. Na zayyana masa komai. Ya saki baki.

"Innalillahi! Yanzu tsohuwar mutane tana nan a fili? Kai Injiniya, ka yi ɗanyen aiki."

"Alhaji, har da shawararka fa."

"Ni na ce ka yaye mata rufi? Ni launi na zaɓa!" Ya gyara hularsa. "Ɗauki motar. Jins ba ya ruɓewa. Koren nan kuma in su ba sa so, ni ina so, ka gaya wa maigidan naka. Akwai masallacin unguwarmu da ake gini."

Da motar Alhaji muka shiga tsohon gari bayan Juma'a. Unguwa guda aka kwantar, ƙura ta ko'ina, masu rusau sun jingine tayil tsibi-tsibi a gindin ragowar bango. Ni so nake a loda kawai mu tafi, Shifu kuwa ya tsuguna. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan cokalin gininsa, ya kasa kunne, kamar yadda iyayenmu mata ke gwada tukunya a kasuwa. Mai ƙara garau ya ajiye dama, mai dusasshiyar murya ya ajiye hagu. Ɗaya-ɗaya. Na ce, "Shifu, lokaci!" Ya ce, "Tsuguna ka koya, sai mu zama biyu." Na tsuguna. Kafin magariba yatsuna sun farfashe, amma kunnena ya fara rarrabewa. Sawu ɗaya muka samu a ranar, Asabar da safe muka ƙara ɗaya.

Da aka sauke sawun farko a tsakar gida, Apo ta fito. Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na ɗauki ɗaya da hannu biyu na miƙa mata. Ta shafa shi, ta juya, ta kankare gansakukar da farce. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta koma ciki.

Shifu ya kira tsofaffin abokan aikinsa biyu, muka hau. Ni nake miƙa tayil da kwaɓin farar ƙasa, digirina na aljihu. Da azahar ɗin Asabar ya tsaya ya auna abin da ya rage da ido, ya ce ba za mu gama ba. Ɗakin kwananta da falo da ɗaya ɗakin za mu iya. Kicin sai dai a ninka masa tampol, a ɗaure da igiya, a danne da buhunan yashi. Na zagaya baya don in ga inda za a ɗaure. A nan na lura da abin da na kasa gani lokacin awo. Babban gidan da gasasshen bulo aka yi shi, amma bangon kicin, inda shafen ya ɓamɓare, tubalin laka ne. Ni Bakano, ba sai an gaya mini abin da ruwa ke yi wa katangar laka in ya samu kanta a buɗe ba.

Lahadi da hantsi muka liƙe layin ƙarshe na babban gidan, iska ta riga ta fara kaɗa mu a kan tsani. Abokan Shifu suka gudu gida. An tsayar da bas, ni ba hanyar komawa, kuma ko da akwai ba na jin zan iya tafiya. Muka zauna a falo mu uku. Wajen azahar gari ya yi duhu, ruwan ya sauko. Ina zaune idona na kan rufi, ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ina jiran inda zai fara ɗiga. Apo kuwa shayi ta zuba mana, ta zauna a kujerarta ta gora, hannuwa a cinya. Rufin gwanjon nan ko ɗigo bai bari ba.

Bayan la'asar muka ji tampol ɗin kicin ya yage, yana ta bugun katako. Na miƙe zan fita, Shifu ya riƙe mini hannu, ya ce in na buɗe ƙofar nan iska za ta shiga ta ɗaga rufin daga ciki. Haka muka zauna muna jin ruwa na kwarara a bayan bango, ba abin da za mu iya. Aka ɗauki kamar sa'a biyu. Sai muka ji wani sauti mai nauyi, ba mai ƙara ba, ƙasa ta ɗan girgiza, kwanuka suka zube. Ba wanda ya tambayi mene ne.

Da iska ta lafa kafin magariba, muka buɗe. Bangon bayan kicin ya zauna gaba ɗaya, ya koma taɓo, murhu da tukwane a ƙarƙashinsa. Na shiga ba ta haƙuri, Sinancin jami'a da na gari duk na haɗa, ina cewa za mu gina mata sabo, da bulo, wanda ya fi wannan ƙarfi. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗebi lakar a tafin hannunta, ta faɗi wata gajeriyar magana. Shifu ya fassara.

"Ta ce mijinta ne ya buga tubalin nan da hannunsa, shekarar da aka kawo ta."

Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Na tsaya cikin taɓon nan har idon sawu, ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma ban sake jin irinta ba har yau.

Laoban ya dawo ranar Talata. Na riga na haɗa kayana a raina, na san takardar zamana a ƙasar a hannunsa take. Ya saurari Shifu, ya saurare ni, ya je ya ga wurin. Bai kore ni ba. Ya karɓe littafin samfurin daga hannuna, ya ce wata uku zan yi ina yi wa Shifu lebura, kuma da bangon Apo zan fara.

To ku da za ku je duba tsohon gidan nan na Nasarawa gobe, na ga zanenku, na ga shuɗin rufin da kuka ɗora masa, mai tsini, wanda ya fi gidan kansa tsawo. Ban ce ba kyau ba. Amma gidan da aka gina zamanin Turawa, mai faffaɗar baranda da rufi kwantacce, masu shi sun san abin da ya sa suka yi shi haka, launin ma ba da ka suka zaɓa ba. Ku dubi na maƙwabta sa'anninsa. Ku hau ku duba katakon, ku ga abin da zai iya ɗauka. Kada ku yar da abin da kuka sauke sai wanda ya girme ku a aikin ya gani. Sannan ku nemi wanda ke kwana a ƙarƙashin rufin, ba wanda ya turo ku kaɗai ba, ku zauna ku tambaye shi wa ya gina me. Mu masu takarda mun iya gyara abin da ya lalace, amma akwai abin da in muka rusa, ba mu da inda za mu yi odarsa.

Mun gina wa Apo kicin da bulo mai kyau, muka rufa shi da ragowar tayil ɗin, muka shafe shi fes. Ta yi mana godiya, har da lemo ta ba mu. Sai ta sa aka fitar mata da ƙaramin murhu baranda. Na ƙara shekara biyu a Panyu ina bi ta lungun nan, kuma ban taɓa ganin hayaƙi ya fito daga sabon kicin ɗin ba.